Humrar Inna da Ƙirjin Gwaggo: Wasiƙa daga Halifas

Assalamu alaikum, mutanen Kano ta Dabo. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya sanyi, ya hazo? Mu a nan ƙanƙara ce har gwiwa, rana kuma tana faɗuwa tun kafin ƙarfe 5.

Shekarata uku ke nan a Halifas, wani gari na bakin teku a gabashin Kanada. Daren da zan taho, Inna ce ta shirya mini akwati da hannunta. Kilo 23 aka yarda wa kowace jaka, sai da ta fitar da takalmana ƙafa biyu don kwalabenta su samu wuri: humra baƙa, humra fara, kulaccam, da gwangwanin turaren wuta na hawi da sandal wanda wata Babarbariya a unguwarmu ta haɗa. Kayan sawana kuwa kwana biyu suka yi suna shan hayaƙi a kan kabbasa. Da na ce mata ya isa haka, sai ta harare ni ta ce, "Ke dai ba za ki je ƙasar mutane a ce 'yata ba ta san ƙamshi ba."

A makona na farko a wurin aiki na ga takarda manne a ƙofa, ana roƙon kowa ya shigo ba turare a jikinsa. Na karanta, na wuce abina. A zatona da masu yin wanka da turare ake. Ranar Laraba shugabar sashenmu ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar: matar da teburinta ke kusa da nawa ta koma gida jiya da ciwon kai, kuma ƙamshin jikina ne sanadi. Na ce wallahi ko ɗigo ban shafa ba. Gaskiya na faɗa. Mayafina ne da rigar sanyina, waɗanda suka sha kabbasar Inna tun a Kano.

Ku da kanku kun san nauyin wannan magana a kunnen Bakanuwa. A gida, idan aka kira mace gefe a kan abin da hanci ya jiyo daga jikinta, zagi ne. Ni abin da na ji shi ne an ce ina wari. Na yi kuka a bas har na wuce inda zan sauka. Na buga wa Yaya waya na ce wariyar launin fata ce kawai, ya ce in yi haƙuri, haka Turawa suke. Kusan wata guda ba na gaishe da matar nan da sakin fuska.

Ita ce ta same ni a ɗakin shan shayi. Ta ce ta san raina ya ɓaci, kuma ƙamshin yana da daɗi, ba ta taɓa jin irinsa ba. Sai dai tana da ciwon ɓarin kai, kuma ƙamshi mai ƙarfi na cikin abubuwan da ke tayar mata da shi. In ya tashi, gani take kamar walƙiya a gefen ido, sai amai, sai ta kwana biyu a ɗaki mai duhu ko ƙarar cokali ba ta son ji. Tana magana ina kallon hannunta yana rawa a kan kofi, don ita ma kunyar maganar take ji. Ban samu abin cewa ba.

(Labarin ranar da na kunna turaren wuta a ɗakina, ƙararrawar gobara ta tashi gidan bene guda, maƙwabta suka fito cikin ƙanƙara da kayan barci, wannan sai mun haɗu. Tun daga ranar kaskon ya zama wurin ajiye makulli.)

Daga baya na gane cewa garin da Allah ya kawo ni ya yi suna a kan wannan abu. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, ɗaruruwan ma'aikatan asibitin Camp Hill da ke nan suka yi ta rashin lafiya saboda gurɓatacciyar iskar cikin ginin. Ba turare ne ya jawo ba, amma da yawansu sun fito daga abin ba sa iya jure ƙamshin komai. Daga nan asibitoci da makarantu da ofisoshi suka fara manna irin takardar da na raina. A 2007 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Kanada ta fitar da matsaya cewa mai irin wannan larura yana da haƙƙin a sauƙaƙa masa a wurin aiki, kamar kowane mai naƙasa. A Amurka ma an yi shari'a: wata ma'aikaciyar birnin Ditiroyit ta kai ƙara a kan turaren abokiyar aikinta, a 2010 aka sasanta birnin ya biya ta dala 100,000.

Likitoci har yau suna jayayya a kan masu cewa kowane sinadari na sa su ciwo. Amma ba wanda ke jayayya cewa ƙamshi mai ƙarfi da hayaƙi na tayar da asma, suna tayar da ciwon ɓarin kai, kuma wasu sinadaran turare na sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje. Wata farfesa, Anne Steinemann, ta yi bincike a Amurka a 2016, kashi 34.7 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suka ce kayan ƙamshi na taɓa lafiyarsu. Abin da mutane suka faɗa da bakinsu ne, ba gwajin asibiti ba, to amma ko an rage rabi, jama'a ce mai yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ya rushe hujjar da na riƙe. Cewa nake namu na gargajiya ne, itace ne da farce da miski, ba sinadarin Bature ba. Ashe tun 2005 Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta sunayen sinadarai 26 a jikin kwalba idan sun kai wani adadi, saboda suna sa wa wasu borin fata, a 2023 kuma aka ƙara su suka haura 80. A cikinsu akwai wanda ke cikin kanumfari, da na kirfa, da na ɓawon lemo. Fata ba ta tambayar ko daga bishiya abu ya fito ko daga masana'anta. Balle ma humrar da muke taƙama da ita, da me ake jiƙa ta? Da turarukan kwalba kala-kala da ake sayowa a kasuwa. Ko Binta Sudan ɗin kakanninmu, wani kamfanin Landan ne ya fara haɗa shi a 1920, duk da cewa a Kano ake ɗura shi.

To, duk wannan karatu ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Gwaggona ce.

Muna yara, duk ranar da aka yi taro a gidanmu, da zarar an ɗauko kasko Gwaggo za ta zame ta koma zaure ko bakin rijiya. Ranar kamun yayata, ana fesa wa amarya turare, ta yanke jiki ta faɗi, ƙirjinta na fito kamar ana busa sarewa. Nan take aka ce mutanenta ne suka tashi, ai aljanu ba sa son ƙamshi. Aka kira mai ruƙiyya. Kun san abin da aka yi? Aka rufe ƙofa da taga, aka zuba garwashi, aka turara ta da hayaƙi don a kore su. Ta fita hayyacinta, aka ce alama ce magani na aiki. Allah ne kawai ya yi da sauran kwananta. Masu sauƙin baki a dangi suna cewa iyayi ne, wasu su ce baƙin ciki take yi da bikin 'yar ɗan'uwanta. Mu yara har waƙa muke mata. Sai da ta haura shekara 50 wani likita ya sa mata abin sauraren ƙirji ya ce asma ce, ya ba ta abin shaƙa.

Ina zaune a ɗakin shan shayin nan, Baturiya na yi mini bayanin ciwonta, fuskar Gwaggo nake gani. Ita wannan tana da takarda a ƙofa da shugabar da za ta kai wa kuka. Gwaggo bakin rijiya kawai take da shi.

Kada a ce na zo ƙasar Turawa na raina al'adarmu. Wallahi ba abin da nake kewa kamar ƙamshin Kano ranar Juma'a, maza sun sha shadda suna wucewa masallaci, kowane lungu na tashin oud da miski. Gidajen nan ba sa ƙamshin kowa, ka shiga kamar ka shiga kwali. Kuma a ganina sun wuce gona da iri a wasu wuraren, don har man gashi da sabulun wanki ana sa wa ido. Mu kuwa turare yana tare da mu tun daga ɗakin suna, ya bi mu cikin lefe, har likkafani. Sunna ce: Annabi (SAW) ya so turare, ya kwaɗaitar da shafa shi ranar Juma'a, ba ya kuma mayar da kyautarsa. Ba mai hankalin da zai ce a manna takardar Halifas a ƙofar Kurmi.

Amma addinin da ya koya mana son turare shi ya ce wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kada ya kusanci masallaci, domin mala'iku na cutuwa da abin da ke cutar da mutane. Wato an ba hancin na kusa da kai haƙƙi a kanka, har a sahun salla. Mun haddace "babu cuta babu cutarwa" tun a Islamiyya. Mun san an ce turaren mace shi ne wanda ƙamshinsa ya ɓoya, mun kuma san alhaji kwanaki yake yi cikin harami ba ya taɓa turare. Abin da ba mu saba ba shi ne mu yarda cewa abu mai daɗi ma yana cutarwa. Wari ne kawai muke ɗauka laifi.

Akwai kuma dabarar da hanci ke yi wa mai shi. Bayan 'yan mintuna ya saba da ƙamshin jikinka, ya daina kai maka labari. Sai ka ce turaren nan ba ya kama jiki, ka ƙara feshi huɗu, ka bi da ɗan ɗuri a wuya da hannu. Kai ba ka ji, amma ka shiga adaidaita sahu daga Ƙofar Nasarawa zuwa Kabuga cikin zafin Afrilu, a cunkoso, mai juna biyu na gefenka tana fama da laulayi. Ba za ta ce maka komai ba. Za ta ja mayafi ta toshe hanci, kai kuma ka ce ji wannan mai girman kai. Haka mai bin sahu da kwalba yana shafa wa mutane a bayan hannu, lada yake nema kuma Allah ya ba shi, sai dai dattijon da ya janye hannunsa ba lallai ne wulaƙanci ya yi ba.

Inda abin ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin mai jego. Lokacin sanyi, taga a rufe, labule a sake, garwashi na ci, hayaƙin itace da sukari da mai ya cika ɗaki har ba ka ganin bango sosai, jariri ɗan kwana uku yana kwance. Numfashinsa ya fi na babba sauri, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, gawayi a rufaffen ɗaki kuma na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin janareta na maƙwabta da yake shaƙa dama. Me zai hana a fita da shi, a turara ɗakin, a buɗe taga hayaƙin ya lafa, sannan a dawo da shi? Ƙamshin yana nan a labule da shimfiɗa, ni shaida ce, tunda ya bi ni har Kanada a cikin mayafi. Masu zuwa dubiya asibiti kuma, ina roƙonku, ku bar kwalbar a mota. Marar lafiyar da ke gadon kusa ba shi da ƙafar guduwa.

Yanzu a nan ina da kaya kashi biyu: na aiki, waɗanda nake wankewa da sabulu marar ƙamshi, da na gida, a wata jaka daban mai zif. Ranar Asabar nakan ɗiga humra a tafin hannu in shafa, in zauna ni kaɗai ina jin kamar ina tsakar gidanmu. Matar nan kuwa mun zama ƙawaye, har dambun nama na ba ta, ta ce yaji ya yi yawa amma ta cinye.

Watan jiya na kira Gwaggo. Na daɗe ina jan gaisuwa, ya jiki, ya jikoki, kafin na ce ta yafe mini waƙar da muke yi mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ke 'yar nan, sai da kika tsallaka teku kika san ciwona?" Sannan ta ce in zan zo Babbar Salla in taho mata da abin shaƙa guda biyu, na Kano sun yi tsada. Na ce sai da takardar likita ake bayarwa a nan, amma zan aika wa Yaya kuɗi ya saya mata. Na kuma gaya wa Inna cewa ranar da zan sauka, tare da Gwaggo zan fara zama, don haka kada ta kunna kasko sai bayan Gwaggo ta tafi. Inna ta yi shiru, ta ce za ta duba.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Taku,
'Yar Kano a Halifas