Godiya ga mutanen Zongon Kwatano da duk wanda ya tsaya mana

Alhamdulillahi. An sallamo Baba daga asibiti, ruwa ya janye daga gidan. Kun bi komai tun daren da ambaliya ta shigo mana gida, ba sai na maimaita ba, ni ma jikina ya mutu.

An ce kada in ware kowa, amma a yi mini afuwa, sai na ambaci Kawu mai gyaran rediyo na bakin layinmu. Muna ta kai Baba, ba wanda ya tuna da kwalayen faya-fayan garmaho da ke ƙarƙashin gado. Dattijon nan ya naɗe wando, ruwa har gwiwa, ya riƙa fito da su a ka. Washegari na tarar da shi a shago da robar ruwan sabulu, yana wanke faya-fayan ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi, yana jingina su a inuwa. Na ce a shanya a rana mana, ya ce, "Ɗana, rana tanƙwara faifai take yi." Ko sisi ya ƙi karɓa.

Masu tambayar me ke ciki da har muke wannan damuwa, yawancinsu na Poly-Rythmo ne, ƙungiyar makaɗan da Mélomé Clément ya kafa a nan Kwatano a 1968, lokacin ana kiran ƙasar Benin Dahomey. Sun ɗauki kiɗan funk irin na mawaƙin Amurka James Brown suka ɗora shi a kan kiɗan gangar sato ta mutanen nan, ya zama nasu. Baba ya sayar da faya-fayansu yana saurayi, har yau da kunne yake rarrabe su: na Albarika Store da aka ɗauka a situdiyon EMI na Legas, sautinsu tas, da waɗanda aka ɗauka da dare a gidajen mutane da rikoda guda. Ya fi son na gidan, wai sun fi zafi. Bayan rasuwar Papillon mai jita a 1982 kasuwarsu ta yi sanyi, mutane suka zubar da nasu, shi ya ajiye. Da kamfanin Analog Africa na Jamus ya sake fitar da kiɗansu a 2008, suka zaga Turai a 2009, masu neman saye sun zo har ƙofar gida, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Jiya Kawu ya kawo garmaho ya ɗora allura. Ƙafar Baba ta hagu, wadda likita ya ce sai a hankali, ita ta fara bin kiɗan. Inna ta tashi ta shige ɗaki don kada mu ga hawayenta.

Akwai 'yan uwa na jini da ko waya ba su buga ba, sai da suka ji Turawa na sayen irin faya-fayan suka aiko tambayar nawa suka tsira. Sun tsira, Baban ma ya tsira. Allah Ya bar zumunci.

Samarin layi da suka kwashe laka, matan da suka ciyar da mu, liman da jama'ar masallaci, ma'aikatan jinya, Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Allah Ya jiƙan iyayenku, Ya raya zuri'arku, Ya tsare gidajenku daga irin wannan. Kawu, Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya ba ka masu yi maka. Amin.

Masu zuwa dubiya a bari sai bayan la'asar. Wanda ya ara mana injin zuƙe ruwa kuma, yana nan zaure, a turo yaro ya ɗauka.