Sayen gida a Kano: aikin da muke yi kafin kuɗinka su fita

Ofishinmu ƙarami ne, ni da lauyoyi matasa biyu da magatakarda, kuma harkar filaye da gidaje ita ce abincinmu, tun daga ranar da mutum ya ga gida ya kwanta masa a rai har ranar da sunansa ya hau fayil a ma'aikatar filaye. Da yawa gani suke aikin lauya a cinikin gida bai wuce buga takarda shafi biyu a sa hannu ba. To ai buga takardar ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi komai sauƙi.

In ka zo mana, abin da zan fara tambaya shi ne wace irin takarda gidan yake da ita. Akwai mai C of O, wato satifiket ɗin haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa, akwai mai takardar ba da fili kawai ta gwamnati, akwai kuma awon igiya wanda ba shi da komai sai takardun cinikayya da hatimin mai unguwa da dagaci, kowanne da yadda ake binsa. Mai C of O sai mu je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, mu nemi a duba fayil, sunan wa ke ciki, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai kuɗin ƙasa da ya taru ba a biya ba, ko gwamnati ta soke takardar. Don takarda tana da kyau a ido ba shi ne tana da rai ba, na sha riƙe satifiket fes a leda, a je fayil a tarar gidan yana hannun banki shekara da shekaru.

Awon igiya kuwa da ƙafa ake bincikensa. Wannan a wurin maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, tsohon lauya ne da ba ya yarda da abin da bai taka ba. Ina sabon fitowa daga makarantar lauyoyi da kwat ɗina da takalmi mai sheƙi ya tura ni wata unguwa a bayan gari da damina, ya ce kar in dawo sai na ga iyakokin filin huɗu da idona, na gaisa da maƙwabta, na kuma zauna da mai unguwa. Ya ce, yaro, ka tambayi mai shayin bakin layi ma, shi ya san wanda ya zo da masu awo bara. Har yau haka muke yi, mu jera takardun tun daga mai gona na farko, wa ya sayar wa wa, in aka samu giɓi a tsakiya to sai an cike shi kafin mu ce a biya.

Inda na fi jan ƙafa shi ne gidan gado. Kwanaki wani Alhaji ya zo da zumuɗi, an yi masa farashi mai sauƙi a cikin gari, babban ɗan mamacin ne ke sayarwa, dillali na ta azalzala wai akwai wani da kuɗi a hannu. Na ce a kawo takardar rabon gado ta kotu, babu. Na ce magada nawa ne, aka ce shida, da muka je gidan tsohuwar ta ƙirga mana takwas da yatsunta, akwai mace da ke aure a Maraɗi, akwai kuma ƙaramin yaro na ɗakin amarya da ba wanda ya ambata. Alhaji ya ce, Barista ai 'yan'uwa ne za su daidaita kansu. Na ce ranka ya daɗe, in sun daidaita ka saya, amma yau kar ka ba da ko kafin alƙalami. Ai ko an sayar da kason wasu, a Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, zai iya mayar maka da kuɗinka ya karɓe. Sai da aka je kotun shari'a aka raba, kowa ya sa hannu, aka naɗa wa yaron waliyyi, sannan muka rubuta.

Sai maganar amincewar gwamna, wadda kullum sai na yi ta bayani. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kai haƙƙin zama kake da shi, galibi na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce ba ka sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa, sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. Kotun ƙoli ta ƙarfafa wannan tun 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Shi ya sa bayan an sa hannu muke bin fayil a nemi amincewa, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Mutum ya sayi gidan miliyan hamsin ya ajiye C of O da sunan wani a durowa yana cewa nasa ne, ranar da zai nemi bashi a banki ko ya rasu magadansa su zo sayarwa, ranar ake jin jiki.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kuwa shi ne masu buga takardar ciniki a shagon kwamfuta. Su ɗauko ta wani su goge suna, wani lokacin har lambar fulotin wancan gidan su manta a ciki, ba iyaka, ba bayanin yadda mai sayarwa ya mallaka, shaidu kuma dillalin ne da yaronsa. Doka ma ta hana wanda ba lauya ba ya rubuta takardar mallakar gida don a biya shi, amma ina, an ce arha ce. Kuma mutumin da ya ba dillali la'ada ko tari bai yi ba, shi ne zai zauna a ofishina yana Barista a yi haƙuri a rage, ai takarda ce kawai. Ba na ƙin dillalai, akwai na kirki da muke aiki da su shekara da shekaru, amma dillali sai an sallama yake samun nasa, ni kuwa wani lokacin aikina shi ne in ce a fasa.

Mai sayarwa ma yana da nasa, kar ka miƙa takardun asali sai kuɗi sun shiga asusunka ka gani da idonka, ba hoton alat a waya ba, in kuma biya kashi-kashi ne a rubuta ranaku da abin da zai faru in an saɓa. In za ka zo wurinmu ka taho da kwafin duk takardun gidan, da katin shaidar mai sayarwa, ka kuma ware mana rana guda mu je mu ga wurin tare.