Ranar da ruwan famfo ya ɗauke ina tsaka da tatsar man ƙuli-ƙuli

A shekarata ta ƙarshe a sashen kimiyyar abinci, aikin binciken da aka ba ni shi ne auna yawan man da ke saura a cikin ƙuli-ƙuli bayan an matse tunkuza an soya, sannan in kwatanta shi da na ɗanyar gyaɗa, wadda kusan rabin nauyinta mai ne. Na'urar da ake wannan aiki da ita ita ce Soksilet, wadda Franz von Soxhlet ya ƙirƙiro a 1879. Gilashi ce mai hawa uku: a ƙasa akwai tulun da ake zuba sinadarin narkar da mai, a tsakiya akwai inda ake sa niƙaƙƙen samfuri a cikin ƙoƙon takarda, a sama kuma akwai bututun sanyaya tururi, wanda ruwan famfo ke zagaya shi ta tiyo. Idan aka ɗumama tulun, sinadarin yakan tashi ya zama tururi, ruwan sanyi ya mai da shi ruwa, ya ɗiga a kan samfurin, ya kwaso mai ya koma tulun, haka za a yi ta yi har tsawon awa shida ko fiye.

Sinadarin da muka yi amfani da shi shi ne petroliyam ita, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke taƙaitawa su ce "pet ita". Sunan yana ruɗar ɗalibai, domin ba ya cikin ainihin dangin sinadaran da ake kira "ita" (ether). Gauraye ne na sassa marasa nauyi da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, galibi penten da heksen. Fari ne tas kamar ruwa, warinsa kuma kamar na fetur ne amma bai kai shi ƙarfi ba. A jikin kwalbarmu an rubuta 40 zuwa 60, wato yana fara tafasa ne tun daga digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Na sha karanta waɗannan lambobi ba tare da na haɗa su da yanayin da nake ciki ba, alhali a watan Afrilu nake aikin, lokacin da zafin rana a yankinmu kan kai digiri 40 har ya ɗara. Duk sa'ad da na buɗe murfin kwalbar sai ta yi huci, ni kuwa ban ɗauki hakan a bakin komai ba.

Ranar da abin ya faru, tun daren jiya babu wutar da za ta tura ruwa tankin sama, amma ban sani ba, saboda da safe famfo yana zuba, an kuma tayar da janareta don ɗakunan gwaji. Na haɗa na'urar, na kunna murhun lantarki, na ga zagaye biyu sun tafi lafiya, sai na koma tebur na baya na duƙufa a kan rubutu. Bayan wani lokaci na fara jin warin fetur da ɗan nauyin kai. Da na je na taɓa bututun sanyaya tururin sai na ji shi da ɗumi, tiyon ya bushe ƙayau, sinadarin da ke tulun kuma ya ragu da kusan rabi. Rabin nan bai tafi ko'ina ba, yana cikin ɗakin tare da mu. A can ɗaya ɓangaren kuwa wata abokiyar karatuna ta riga ta ɗauko ashana za ta kunna fitilar da ake ƙona wayar shuka ƙwayoyin cuta.

Dattijon ma'aikacin ɗakin, wanda duk muke kira Baba, shi ne ya shigo ya ji warin tun daga bakin ƙofa. Ya daka mata tsawa ta ajiye ashanar, ni kuma da na miƙa hannu zan kashe makunnin bango da ke ƙarƙashin teburin, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaro, kada ka taɓa komai a nan." Ya fita baranda ya yanke wutar ɗakin daga babban akwati, ya dawo ya sauke murhun daga ƙarƙashin tulun, ya sa muka buɗe tagogi da ƙofofi duka muka fita waje. Ko fanka bai yarda a kunna ba, sai da iska ta kwashe warin da kanta.

A barandar ne ya yi mini bayanin da na tabbatar da shi daga baya a takardar bayanan tsaro ta sinadarin. Tururinsa ya fi iska nauyi kusan ninki uku, don haka ba sama yake yi ba, gangarowa yake daga tebur ya malala a ƙasa kamar ruwan da ido ba ya gani, ya taru daidai inda soket da makunnai suke. Yana iya kamawa da wuta ko da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, kuma idan ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na iska, ɗan tartsatsin makunni ya isa ya tayar da shi, wutar ta biyo sawunsa har tulun. Da na yi lissafi da kaina sai jikina ya yi sanyi: mililita 100 kacal tana ba da tururi kusan lita 20, wanda zai iya mai da iska kusan lita 2,000 abin da ke jiran ƙyastu.

Na ce masa, "Baba, to me zai hana ku riƙa ajiye kwalbar a firji tunda zafi ne matsalar?" Ya ce wannan ya fi komai haɗari, domin firji irin na gida yana da fitila da na'urar daidaita sanyi masu yin tartsatsi, tururin kuma a kulle yake a ciki. Wurin ajiyarsa shi ne kabad ɗin ƙarfe a inuwa, nesa da asid mai ƙarfi irin naitirik da sauran sinadarai masu rura wuta. Ya ƙara da cewa ko da hunturu bai kamata in saki jiki ba, saboda bushewar iska tana sa lantarkin gogayya ya taru yayin tsiyaya, musamman daga babban galan.

Daga ranar na sake tsarin aikina. Kafin in kunna murhu sai na tabbatar da tanki a cike yake, sai kuma na sa ƙarshen tiyon yana zuba a inda zan riƙa ganinsa da jin ƙararsa, ban kuma sake juya wa na'urar baya ba. Na daina tsiyaya sai a cikin akwatin zuƙe tururi, idan kuwa babu wutar da za ta juya shi, aikin yakan jira. Tulun da ke ɗauke da man da aka tatsa ba na sa shi a tanda mai digiri 105 sai warin ya gama fita sarai. Ragowar sinadarin kuma a kwalbar shara mai murfi yake ƙarewa, domin ba ya gauraya da ruwa, yawo yake a samansa, tururinsa ya cika magudana. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a watsa wa gobararsa ruwa: yashi, ko tukunyar kashe gobara ta hoda ko ta iskar kabon, su ne maganinta. Da muka duba tamu tukunyar a makon, wa'adinta ya daɗe da wucewa.

Illarsa ga jiki ma na raina ta da farko. Yatsuna sun yi fari sun tsattsage, saboda yadda yake kwashe man gyaɗa haka yake kwashe maiƙon fata, sai da na koma safar hannu ta wata irin roba da ake kira naitiral. Heksen da ke cikinsa, idan aka daɗe ana shaƙa, yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, kamar yadda aka gani a tsakanin masu haɗa takalman roba a Japan a shekarun 1960. Wanda kuma ya haɗiye shi ba a sa shi amai, ba a kuma ɗura masa manja ko madara kamar yadda wasu ke yi wa yaran da suka sha kananzir bisa kuskure, domin babban haɗarin shi ne ya sarƙe ya shiga huhu; asibiti ake kai shi nan take.

Samfurin ranar dai ya lalace, na zubar da sakamakonsa. Na sake niƙa wani ƙuli-ƙulin bayan kwana biyu, na fara aikin da ƙarfe bakwai na safe kafin rana ta take, Baba kuma da kansa ya hau tsani ya leƙa tankin kafin ya ba ni mabuɗin kabad.