Sana'ar gyaran kayan busa, da ɗaliban da ke kawo mana sabon kiɗa

Shagona ɗaki ɗaya ne da ɗan baranda a Jos, kuma duk wanda ya leƙo zai fara jin warin mai da dalma kafin ya ga komai. Kayan busa nake gyarawa: bigila, tirampet, tirambon, kilarinet, sakso, sarewar Turawa, da tuba, wannan ƙaton da ake rungume shi kamar tulu. Na koyi aikin a hannun kawuna, wanda ya yi ritaya daga ƙungiyar badujalar 'yan sanda, ya bar mini kayan aikinsa da wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da takardun kiɗa.

Lokacin hunturu ne kasuwata take ci. Ƙura tana shiga bawul ta liƙe shi, fatun da ke toshe ramukan kilarinet su bushe su dinga yoyon iska, na katako kuma wani lokaci ya tsage. Sanyin Jos ma nasa daban ne, don ƙarfe in ya yi sanyi muryarsa sauka take yi, sai ka ji ƙungiya gaba ɗaya ta karkace da sassafe har sai kayan sun ɗumama. Ga Kirsimeti, ga faretin makarantu, kowa so yake a gama nasa jiya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabon kaya ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa wurina, sai gwanjo da lallaɓa tsohon da ake da shi. Na taɓa liƙe tirambon ɗaya sau huɗu a wuri guda.

Masu kawo mini aiki su ne 'yan Boys' Brigade na coci-coci, makarantun sakandare, da ƙananan ƙungiyoyin unguwa. Ita Brigade, ƙungiyar samari ta coci, a birnin Gilasgo na Birtaniya aka kafa ta a 1883, ta iso Najeriya a 1908, kuma mafi yawan masu busa da na sani a garin nan a cikinta suka fara riƙe bigila. Ni ma ina busa a wata ƙungiyar gari da ke haɗuwa kowace Asabar da yamma. Mu ashirin da 'yan kai ne in kowa ya zo. Akwai malamin firamare, akwai makanike, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai tsohon soja mai tuba wanda ya haura saba'in. Ba mai biyan kowa. Mukan yi busa a zaune a zauren taro sau biyu ko uku a shekara, sauran kuwa biki ne da jana'iza da fareti.

Ɓangare na biyu na sana'ata, wanda kawu bai taɓa ɗaukarsa sana'a ba, shi ne rubuta wa ƙungiyoyi takardu. Abin da ke cikin waccan akwatin macin sojan Ingila ne da na Amurka, an yi ta ɗaukar hotonsu, hoto a kan hoto, har layukan sun dusashe. Kuma an rubuta su ne don ƙungiya mai mutum arba'in ko hamsin, mai obo da basun da ƙahon Faransa guda huɗu. Mu ba mu da ko ɗaya cikin waɗannan. To sai in zauna in kwashe abin da obo zai busa in ba kilarinet, na ƙaho in ba sakso, in cike giɓi. Shekara da shekaru abin da nake yi ke nan, gyaran rigar wani don ta shiga jikinmu.

A ƙarshen watan Mayu na 2024 aka sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Cikin mako guda kowace makaranta da kowace ƙungiya ta aiko tana neman takarda, don yaran da ke busa yanzu ba su taɓa jinsa ba, iyayen wasunsu ma haka. Aikin ya fi hannuna, sai na ɗauko ɗalibai biyu masu karatun kiɗa a wata babbar makaranta su taya ni a kwamfuta. Da muka gama, ɗayansu ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Oga, ina da wani abu da na tsara da kaina. Ko ƙungiyarku za ta gwada?"

Na ce ya kawo. A gaskiya na yi murna, don na gaji da busa abu ɗaya tun ina saurayi. Ban ma duba takardun da kyau ba, na buga na raba ranar Asabar. Laifina ne wannan.

Ba mu kai layi na uku ba muka watse. Ya ajiye masu tirampet a can ƙololuwa tun daga farko, babu wurin shan iska, har leɓɓansu suka mutu. Mai sakso kuma yana wata duniya daban, saboda yaron ya fitar da takardarsa ba tare da ya juya ta ba. Ga wanda bai sani ba: in mai tirampet ko kilarinet ya ga C a takarda ya busa, abin da ke fita B-filat ne, in mai sakso alto ya busa C ɗinsa, E-filat ke fita. Dole a rubuta wa kowa a nasa ma'aunin kafin su haɗu a kunne. Tsohon soja ya sauke tuba, ya dubi yaron ta saman tabarau.

"Ɗan nan, wa ya busa maka wannan kafin ka kawo?"

"Kwamfuta ce, Baba."

"To ita ba ta da huhu. Ni ina da guda biyu, kuma sun tsufa."

Aka yi dariya, yaron kuwa kamar ya nutse. Na bi shi waje na ba shi haƙuri, na ce in yana so ya dawo Asabar uku a jere, kada ya kawo takarda, ya zauna kawai a tsakiyarmu. Ya dawo. Ya zauna kusa da mai tirambon, ya ga inda hannu ke kaiwa da inda ba ya kaiwa da sauri. Ya gane cewa cikin masu kilarinet shida, biyu ne ke iya hawa sama ba tare da ƙara mai tsinka kunne ba. Ya gano cewa ma'aikaciyar jinyar nan mai sarewa ta fi kowa iya riƙe dogon sauti, ga shi ba wanda ya taɓa ba ta wuri ita kaɗai. Bayan wata biyu ya kawo abin da ya sake rubutawa, minti uku, kuma tsakiyarsa nata ne. Mun busa shi a taron ƙarshen shekara.

Daga nan na mai da abin al'ada. Duk ɗalibin da ya zo da kiɗansa, sharaɗin farko ya zauna da mu sau uku. Ina ba shi takarda mai sunan kowace kujera, da iyakar inda mai ita yake kaiwa sama da ƙasa. Ina ce masa ya tsaya a B-filat ko E-filat ko F, don nan yatsun masu busa suka saba, kada ya kai mu inda masu jita ke jin daɗi. Kada ya wuce minti uku ko huɗu a karon farko. Duk wani layi mai muhimmanci ya rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a takardar mutum na biyu, saboda ranar taro mai shi yana iya kasancewa a wurin aiki ko a ƙauye wajen zaman makoki. Kamfanonin buga takardun kiɗa a Amurka suna jera kiɗan ƙungiya mataki-mataki, daga na ɗaya mai sauƙi zuwa na biyar ko shida. Mu muna tsakanin na biyu da na uku, kuma nakan faɗa wa ɗalibai haka ba kunya. Wasu sukan ɓata rai, suna ganin an raina iliminsu. A ganina rubuta abu mai daɗi da ƙananan kayan aiki ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma makaranta ba ta cika gwada su a nan ba, tunda a can malami ne ke karanta takarda da ido ya ba da maki, ba a busa ta.

Akwai kuma batun do-re-mi. Kusan rabin mutanenmu a ƙungiyar mawaƙan coci suka koyi karatu, da baƙaƙen d, r, m, ba da layuka biyar na takardar kiɗa ba. Don haka nakan sa a rubuta musu shi a ƙarƙashin layi. Yana cin lokaci, yana cin takarda, amma ba shi da makawa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata ɗaliba ce da ta zo da waƙar niƙa da ta ji a bakin kakarta. Da farko ta lulluɓe ta da irin haɗin muryoyi huɗu na littafin waƙoƙin coci, sai waƙar ta fito kamar an sa wa tsohuwa kwat. Muka zauna a baranda na ce ta rera mini yadda kakar ke yi. Sauti biyar ne kacal a cikinta, kuma hawa da saukarta suna bin hawa da saukar kalmomin, yadda yawancin waƙar Hausa take, don in ka karkatar da karin kalma ka canza maganar. Na ce ta bar layin yadda yake, ta nemi abin da zai tsaya a bayansa daga gida. Sai ta ba masu tirambon sauti biyu kawai suna maimaitawa, irin kiran kakaki a ƙofar fada. Ta ba ƙaramin sakso layin waƙar da 'yar kwarkwasa irin ta algaita. A nan muka ci karo da matsala, don mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yana busa da wadda ya tara a kumatu, sautinsa ba ya yankewa, namu kuwa ba wanda ya iya haka. Ta raba layin tsakanin mutum biyu, ɗaya na ajiyewa ɗaya na ɗauka, har ba ka jin ɗinkin. Amshin waƙar ta ba ƙungiya duka. Muka gayyato mai kalangu daga unguwa, wanda bai karanta ko baƙi ɗaya, aka ce masa ya bi kunnensa.

Ranar da muka busa shi, wasu tsofaffin mata a layin baya suka fara amsawa tun kafin a kai rabi, ɗaya ta rangaɗa guɗa. Shekaruna da yawa ina busa macin Turawa a zauren nan, tafi ake yi cikin ladabi a tashi. Yarinyar tana gefe tana riƙe da babbar takarda, hannunta na rawa.

Maganar kuɗi kuwa, kada wani ya ɗauka akwai arziki a ciki. Ina buga takardun, in sa su a ambulan, in sayar wa wasu ƙungiyoyi a kan kuɗi kaɗan, mu raba da ɗalibin. Sunansa yana saman kowane shafi, wannan ba na sassauci a kansa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana bayansa, amma doka ba ta hana shugaban ƙungiya ɗaukar hoton takarda da waya ya tura a WhatsApp. Na taɓa zuwa biki a wani gari na ji ana busa kiɗan yarinyar nan, na nemi takardar na ga an yanke sunanta daga sama. Na yi magana, aka ce ai waƙar gargajiya ce, ta kowa ce. Waƙar ta kowa ce, amma wata biyu da ta yi tana raba ta ga mutum ashirin fa? Sun biya daga baya, rabin kuɗi, da ƙunƙuni. Abin da ke riƙe shagon har yanzu gyara ne. Sai dai na lura ƙungiyar da ke da sabon abin busawa tana yawan gwaji, mai yawan gwaji kuma kayansa na yawan zuwa wurina, don haka ba zan ce asara nake yi ba.

Da manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore muke aiki, saboda kyauta ce kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarta. Wani abokina da ya daɗe a kan wata manhajar irinta mai suna Finale ya shiga uku lokacin da kamfanin ya sanar a watan Agusta na 2024 cewa ya daina sayar da ita, ya yi makonni yana kwashe tsofaffin ayyukansa. Ni abin da ke damuna wuta ce da tawadar firinta.

In ɗalibi ya fara cewa ai kiɗan badujala ba na manyan masu tsarawa ba ne, nakan tuna masa cewa kiɗan taken ƙasar da muka yi ta busawa daga 1978 har 2024 Benedict Odiase ne ya tsara shi, kuma shugaban ƙungiyar badujalar 'yan sandan Najeriya ne a lokacin. Kawuna yakan faɗi haka da alfahari, kamar tare suka rubuta.

Yanzu ɗalibai uku ne ke jiran layi, mu kuma gwajinmu sau ɗaya ne a mako, kuma dole a bar wa tsofaffin macin wuri don masu biki su suke nema. Na gaba wani yaro ne mai shiru-shiru da ya riga ya cika Asabar ɗinsa uku. Jiya ya kawo takardunsa, na ga ya ba tuba layi takwas shi kaɗai a farkon kiɗan, da alamar shan iska bayan kowane biyu. Tubar tana nan a kan teburina, bututun ƙasa ya sake ɓallewa, kuma sai na liƙe shi kafin Asabar.