Zazzaɓin mai dashen ƙoda ba na kyamis ba ne

Duk wanda aka yi wa dashen ƙoda yakan koma gida da jakar magunguna irin su Prograf da CellCept da firednisolon. Aikinsu su kwantar da garkuwar jiki don kada ta far wa sabuwar ƙodar. To amma garkuwar da aka kwantar ba ta tantancewa: yadda ta ƙyale ƙodar, haka take sassauta wa ƙwayoyin bakteriya. Firednisolon kuma yana danne zazzaɓi, sai cuta ta yi nisa alhali jiki bai yi zafin a zo a gani ba.

Ƙannena masu sabon dashe, a nan na yi kuskure. 'Yan watanni bayan aikina na fara jin kasala da ɗan zafi wajen fitsari. Na ce maleriya ce, don a wajenmu kowane zazzaɓi ko maleriya ne ko taifot. Na aika kyamis aka haɗo mini maganin sauro da Panadol da wasu kafso na antibayotik. Zafin ya sauka, na ce Alhamdulillahi. Ashe sauƙin na Panadol ne. Da sanyin ya dawo, bargo biyu aka lulluɓa mini, haƙorana na kaɗawa, gadon ma na rawa. Fitsari ya ragu, ina magana ba kan gado. Da aka kai ni asibiti, awon bugun jinina (BP) ya faɗi.

Ga masu dashen ƙoda, hanyar fitsari ce babbar ƙofar da cuta ke bi ta shiga jini, yawanci E. coli ko Klebsiella, waɗanda ke zaune a hanjinmu. A mara ake dasa ƙodar, bututunta zuwa mafitsara gajere ne, tafiyar ƙwayar cuta zuwa ƙodar ba nisa. Da yake a mara take, ciwon yakan zo ta gaba, wajen ɗinkin, ba a kwiɓi ta baya ba. Watannin farko sun fi haɗari, lokacin da magungunan ke da yawa.

Ɓarnar kafson nan ta fi ta jinkirin. Likita na son ɗibar jini da fitsari a yi kalca kafin a fara antibayotik, don a san ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Ni na riga na sha, sai gwajin farko bai nuna komai ba, aka yi ta lalube. Wasu ƙwayoyin yanzu ba sa jin allurar da aka saba, sai mai tsada ta jijiya.

Ku sayi ma'aunin zafi. Ya kai 38, ko kuna rawar sanyi ko da bai kai ba, ku kira likitan ƙodarku nan take, ko da tsakar dare ne. Ya yiwu maleriyar ce, amma gwaji ne zai faɗa. Kada ku bari a ba ku Brufen ko diklofenak ko allurar jentamaisin ba da saninsa ba, suna cutar da ƙoda. Eritromaisin kuwa yana ɗaga Prograf a jini har ya zama guba. In an rubuta muku Septrin na rigakafi, ku sha har wa'adinsa, kuma kada ku rage maganin dashe da kanku don kun ji ba daɗi.

Wanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ya nemi likitan ƙoda a gida tun kafin ya kwance kayansa, ya kuma bai wa mutanen gidansa lambar.