Filashi ɗaya, kwamfuta uku

Yayana yana da kantin magani mai reshe uku: Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru. Ni nake riƙe masa rumbun bayanan kaya da na masu bashi, fayil guda ne na Microsoft Access, wata manhajar kwamfuta ta ajiye bayanai. Data ta yi tsada, sabis kuma sai a hankali, shi ya sa da filashi nake zagayawa a babur.

Kwamfutar Sabon Gari ce uwa. A kanta kaɗai ake canja farashi ko shigar da sabon magani. Sauran biyun cinikin yini kawai suke rubutawa, kowane reshe da haruffansa a gaban lambar rasit, don kada rasit biyu su ci karo. Bayan la'asar in kwaso nasu in zuba wa uwar, washegari in kai musu sabon kwafi.

Abin da nake yawan roƙon yaran kanti shi ne, don Allah a rufe Access kafin a kwafa. Muddin ka ga ɗan fayil ɗin nan mai suna yana ƙarewa da laccdb a gefen fayil ɗin rumbun, to galibi rumbun a buɗe yake, kwafin na iya fitowa a lalace. Ban kuma yarda da kwanan watan da kwamfuta ke nunawa ba. Ta Samaru batirin agogonta ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta koma shekarun baya, sabon fayil ya zama kamar tsoho. Da hannuna nake rubuta kwanan wata a sunan kowane kwafi.

Filashin nan kuwa ba ya zuwa shagon buga takardu, ko Yaya ne ya nemi aro, saboda bairos.