Warin ɗan kunnen Hajiya

Mu dai a gidanmu ba mu tashi mun ga ana wani abu wai shi bazday ba. Ni kaina sai da za a cika min fom ɗin jarrabawa aka zauna lissafin ranar da aka haife ni, Hajiya ta ce ita dai abin da ta sani da azumi ne kuma ana sanyi. Amma yaran yanzu ko kin manta waya ba za ta bari a manta ba. Tun saura wata guda 'yar farina ta fara kewaye-kewaye, yau ta nuna min hoton ƙawarta da aka yi wa kek hawa biyu, gobe ta ce Mama kin san fa shekara 16 ba wasa ba ce, ni kuma in yi kamar da bango take.

Ba wai ban damu ba ne. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan Hajiya ta ci, kunya biyu kenan a kaina. Tunda aka haife ta bakina bai taɓa furta sunanta ba, ko takalmi na saya mata sai dai in miƙa wa ƙaninta in ce ungo kai wa yayarku. Ƙannenta su hau cinyata su yi ta shagwaɓa, ita kuwa daga nesa muke gaisawa kamar surukai. To bana sai na ji a raina ina so in ba ta wani abu da zai zauna, wanda ko bayan raina in ta buɗe durowa ta gani za ta san daga hannuna ya fito. Waya ba ta cikin lissafi, shekara biyu ta yi yawa sikirin ya fashe ko wani ɗan iska ya fizge a bakin titi. Da na gaya wa Abbansu gwal nake tunani dariya ya yi, ya ce ki ce kawai banki za ki buɗe mata. Ban musa ba, don shi ma ya san shekarar da kuɗin haya ya taso mana babu shiri awarwaron lefena ne ya fitar da mu kunya.

Ranar da na kwashi adashina na kira ƙanwata, ita ce idon gwal a danginmu, muka hau keke daga Badarawa sai kasuwar Sheikh Gumi. Rabona da layin masu gwal an daɗe, shi ya sa da mutumin ya danna kalkuleta ya juyo min da kuɗin giram ɗaya sai da na ce malam giram ɗaya na tambaya fa ba sarƙar gaba ɗaya ba. Ya ce Hajiya ai giram ɗayan kenan. Ya yi min bayani yadda yake yi wa kowa, gwal da dala yake tafiya, tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura dubu, sannan shi kansa gwal ɗin a kasuwar duniya a 2025 ya wuce dala 4,000 kan oza ɗaya, ozar nan kuwa giram 31 ce da ɗan ɗori. Wato duka biyu aka yi mana. Abin haushin ma ga Birnin Gwari nan a jiharmu ana haƙo shi daga ƙasa, amma in kin shiga shago ba abin da za ki ji sai ɗan Dubai, ɗan Saudiyya, ɗan Italiya.

Ni da a da in abu ya yi ja yana ƙyalli shikenan ya zama gwal a wurina, har wata mata ta taɓa kawo min sarƙa gida da sunan ta Makka ce na biya a hankali a hankali, wata shida wuyana ya fara ƙaiƙayi sarƙar ta koma kalar tukunya. Tun daga nan na daina yarda da idona. Ƙanwata ce ta koya min duba ɗan hatimin da ake bugawa a jikin maƙulli ko cikin zobe, ƙanana ne sosai sai da gilashin da masu shagon ke ajiyewa. In kin ga 750 karat 18 ne, wato kashi 75 cikin ɗari gwal ne sauran kuma jan ƙarfe da azurfa da makamantansu. In 875 ne karat 21 kenan, irin wanda alhazai suka fi shigowa da shi. 916 shi ne 22. Shi 24 zalla ne amma laushi gare shi, da ɗan matsi ya lanƙwashe, shi ya sa ba a cika yin abin sawa kullum da shi ba. Kuma ta ce hatimin ma kar ya ruɗe ni, masu jabu su ma sun iya buga lamba, a sa mayen ƙarfe a gani don gwal ba ya kama shi, sannan a goga a dutse a ɗiga ruwan gwaji.

Sai kuma rigimar me za a saya. Zobe ne ya fara shiga raina don shi ne ake gani ko da hijabi, ƙanwata ta ce yarinyar da ke wanke-wanke da wanki, yau ta cire ta ajiye a bakin famfo gobe ta manta a tagar banɗaki, kuma yatsan 'yar shekara 16 ba nan zai tsaya ba. Awarwaro ko tambaya ban yi ba, na san aljihuna. 'Yan kunne masu duwatsu sun yi kyau wallahi, akwai wasu masu ɗan koren dutse da na daɗe ina juyawa, amma shi kansa mai shagon da ya ga da gaske nake ya ce min ranar saye da dutsen za a auna, ranar sayarwa kuma cire shi za a yi a auna gwal ɗin kaɗai, ga kuɗin aiki da shi ma ba ya dawowa. Akwai kuma wasu manya-manya masu cika ido da in kin ɗaga sai ki ji ba nauyi, cikinsu fanko ne, sau ɗaya za a kwanta a kai su lotsa.

Abin da ita take so na sani, sarƙar nan mai suna da 'yan mata ke yayi a Instagram, a rubuta sunan da Larabci ko da boko a rataya. Na tambaya, ya ce ana yi, kwana kaɗan ne, ya ɗauko biro ya ce Hajiya wane suna za a sa. Na yi shiru. Ya sake tambaya. Ƙanwata ta kifa kai a kan gilashin shagon tana dariya har da hawaye, ta ce malam ai ko za ka ba ta shagon nan kyauta ba za ta faɗa ba. Ita za ta iya faɗa masa mana, amma sai na tsaya ina tunanin kullum in ga sunan mahaifiyata yana lilo a wuyan yarinya a tsakar gidana, ga shi yawancin masu arahar ruwan gwal ne kawai aka yi musu a sama, na gasken kuma kuɗin aikinsa ya kusa cinye rabin abin da na zo da shi. Haka muka fito hannu rabbana, sai rake da muka saya a bakin Ahmadu Bello Way muna jiran keke.

Da daddare na kasa barci na jawo gwangwanin alawar da nake tara tarkace a ciki, maɓallai, tsofaffin rasit, fil na ɗaurin ɗankwali, wai ko zan samu wani karyayyen abu da zan haɗa a yi min musanya. Can ƙasa a ƙulle cikin leda na ga warin ɗan kunnen Hajiya. Na ma manta da shi. A hajjinta na farko ta sayo su, mai siffar ganye da ɗan zane a tsakiya, ta sa su shekara da shekaru har ranar wani biki a Tudun Wada da ta dawo gida da ɗaya a kunne ɗaya babu. An share gidan bikin har da tankaɗe ƙasa ba a gani ba. Daren da za a kai ni ɗakin miji ta damƙa min wanda ya rage ta ce ajiye, gwal ba ya ruɓa. Na haska fitilar waya a bayansa, ga 875 nan ɓaro-ɓaro.

Washegari ban koma shago ba, wurin wani dattijo maƙerin fari ƙanwata ta kai ni, irin waɗanda suka gaji aikin azurfa da zinari, ɗan ɗakinsa ko mutum uku ba zai ɗauka ba. Ya goga a baƙin dutsensa ya ɗiga ruwa, zanen bai gushe ba, ya ɗora a sikeli giram biyu da ɗan wani abu. Na ce so nake a narka a yi mata ƙananan 'yan kunne. Ya juya shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo, ya ce 'yata in kin ce in narka zan narka, amma wuta sai ta ci nata, kuma wannan zanen da hannu aka yi shi, yanzu inji ke bugawa. Ya ce me zai hana in yanke ƙugiyar in like masa 'yar kafa a sama ya zama abin wuya. Ban taɓa kawo wannan a raina ba wallahi. Ina zaune ya yi, bai kai awa ɗaya ba, ya wanke shi ya fito kamar jiya aka sauko da shi daga jirgi.

Kuɗin adashin sai suka tafi a siririyar sarƙa karat 18, don ta fi 21 ƙarfi kuma yarinya ce, dole wata rana a ja. Na fi minti goma ina buɗe maƙullin ina rufewa, don yawanci daga nan sarƙa ke faɗuwa. Kalar ba ta zo ɗaya sak ba, ganyen ya fi sarƙar ja kaɗan, ƙanwata ta ce ana gani, na ce a gani. Na sa ya rubuta min nauyi da karat da kwanan wata a rasit na haɗa da shi a gwangwanin. Abbansu da ya gani wai yanzu sai mu fara lissafin zakka, na ce nisabin ma wajen giram 85 ne, namu duka bai kai shida ba, ka kwantar da hankalinka.

Ranar ba mu yi taro ba. Kek ɗaya hawa ɗaya, zoɓo, da ƙawayenta biyu, sai Hajiya da aka ɗauko daga Tudun Wada tana ta mitar ita ba ta gane wannan bidi'a ba amma ta fi kowa cin kek. Na sa abin a 'yar jaka na kira autana na ce kai wa yayarku, Hajiya ta daka min tsawa ta ce ke wace irin uwa ce, mu da muka koya miki kunyar ma mun gaji da ita, tashi ki ba ta da hannunki. Na tashi na miƙa mata ina kallon gefe. Ta buɗe ta yi shiru, na san ta so mai suna, na ga hakan a fuskarta na ɗan lokaci, sai ta ce Mama wannan ganyen fa, ban taɓa ganin irinsa ba.

Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce miƙo nan in gani. Ta kai shi dab da ido ta juya bayansa ta sake juyowa. Ta ce la ilaha illallahu, wannan ai ɗan kunnena ne, wato kishiya har kayan kunnena kika biyo. Yarinya ta ce ai kin tsufa Hajiya, mai gidan ma ni yake so yanzu. Suka hau cacar baki, daga nan labari ya koma Makka, yadda ta yi ciniki da hannu don ba ta jin Larabci, da wadda har yau take zargi da tsince ɗayan a gidan biki, baiwar Allah ta rasu shekara goma sha amma Hajiya ba ta janye ƙara ba. Ita da kanta ta ɗaura mata, hannunta na rawa ta kasa kama maƙullin sai da na zo na taya ta.

Makarantarsu ba a barin sarƙa, don haka ranar Litinin da safe ta shigo ɗakina da yunifom ta ajiye min a kan madubi ta ce Mama a ajiye min sai Juma'a. Har ta kai ƙofa ta dawo ta ce ba a gwangwanin nan ba fa.